Hangen Dala da hawanta a ƙarshen bazara

Hausawa suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Sai bana na gane cewa hangenta ma ba hawanta ba ne. A Fagge aka haife ni, a Sabon Gari nake aiki, amma shekara arba'in da ɗoriya ban taɓa taka dutsen ba, sai da likita ya auna jinina ya ce kujerar ofis da ta mota sun kusa gamawa da ni.

Hawana na farko kuskure ne tsantsa. A farkon watan Mayu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, na bi ta Ƙofar Mazugal da hantsi, da takalmin ofis, ba ko gorar ruwa. Wani yaro a gindin dutsen ya dube ni ya ce, "Baba, a wannan ranar za ka hau?" Na yi masa dariya. Ban kai rabi ba jiri ya ɗebe ni, idona ya yi duhu, na zauna a kan matakala ina haki. Yaron nan ne ya rugo mini da ruwan leda.

Daga nan na koyi darasi. Mai son hawan dutse a bazara ya fita bayan sallar asuba, ya sauko kafin rana ta take. Ya sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama shi, ya sa tufa marar nauyi da takalmi mai riƙe ƙasa. Idan ya ji ciwon kai ko tashin zuciya, ya nemi inuwa, ya haƙura. Mai hawan jini ko ciwon suga kuwa ya fara jin ta bakin likitansa. Sannan a sani, saukowa ta fi hawa haɗari, domin gwiwa ta gaji, ga tsakuwa tana gangarewa a ƙarƙashin ƙafa, musamman idan ruwan farko ya jiƙa marmara ta yi santsi. Sannu ba ta hana zuwa.

Yanzu duk Asabar muna hawa tare da wani abokin aikina, haifaffen Sabon Gari wanda iyayensa suka zo daga Kudu. Daga ƙololuwa birnin kan shimfiɗu a gabanmu: ga Goron Dutse ta yamma, ga hasumiyoyin babban masallacin Juma'a kusa da Gidan Rumfa, can gabas kuma ga Fagge, tsohon zangon fatake, da Sabon Gari wadda ta kafu bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Shi yana nuna mini unguwarsu, ni ina nuna masa tamu, daga sama kuwa ba ka ganin iyakar da ta raba su.

To, mai karatu, ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A nan tarihin Kano ya ce Barbushe ya zauna, kafin zuwan Bagauda wajen shekarar 999. A nan masu binciken kayan tarihi suka gano alamun narkar da tama tun wajen ƙarni na 7. A 2007 Najeriya ta sa Dala, tare da ganuwa da Kasuwar Kurmi da fadar sarki, cikin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su. Amma abin da idona ya gani shi ne zaizayar ruwa tana cin gefen dutsen, gidaje sun matse gindinsa, leda da shara sun cika kwazazzabai. Kowace damina tana tafiya da wani yanki da ba zai dawo ba.

Ba gwamnati kaɗai nake kira ba. Mu da muka yi boko, injiniyoyi da likitoci da malaman jami'a, mukan kashe kuɗi mu je kallon kayan tarihin wasu ƙasashe, namu kuwa ko sau ɗaya ba mu kai 'ya'yanmu ba. Abin da mutane ba sa ziyarta, ba sa kishinsa. Mu fara da hawa, kowa da gorar ruwansa da buhun kwashe shara, sannan bakinmu ya yi nauyin neman a gyara magudanan ruwa, a shata wa dutsen iyaka.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa jikokinmu su tarar da Dala a tsaye.