Shin Ko Kun San? Murar Hunturu da Jinin Matasan Adar

Shin ko kun san mura na iya taɓa jinin saurayi ɗan shekara 25? A Tahoua da an ce "tansiyo", wato hawan jini, sai hankali ya tafi kan tsofaffi, alhali tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe Keita, Kalfou da Barmou, matasa ne suka fi kwasar ƙura a kan kabu-kabu da cikin gandun albasa, suna tari suna aiki.

Ba mura kaɗai ba. Shin ko kun san ƙwayar korona, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijar ranar 19 ga Maris 2020 a Yamai, tana shiga jiki ta wata ƙofa mai suna ACE2? Wannan ƙofa tana cikin tsarin da ke daidaita hawa da saukar jini. A wani binciken da aka wallafa a 2021, masu bincike na jami'ar Appalachian a Amurka sun auna matasan da suka kamu makonni 3 zuwa 4 baya, suka tarar jijiyoyin jininsu sun fi na tsaransu tauri. Wani binciken asibitocin Montefiore na New York, a 2023, ya nuna kashi 11 cikin 100 na masu korona da ba a kwantar ba sun samu sabon hawan jini cikin watanni 6. A masu mura mai zafi da ba a kwantar ba, kashi 4 ne.

Jini na sauka ma. Zazzaɓi, gumi da ƙarancin shan ruwa su ke kawo jirin nan idan an miƙe tsaye.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin kan tire. Shin ko kun san wasu ƙwayoyin buɗe hanci na ɗauke da pseudoephedrine, mai tsuke jijiyoyi ya ɗaga jini? Ibuprofen da diclofenac ma na ɗagawa. Saurayi ya haɗiye su a tasha, ya bi da shayi mai kauri da goro, ya hau mota zuwa biɗa Abijan, ba a taɓa ɗaura masa abin awo a damtse ba.

Awon bai wuce minti 5 a cibiyar lafiya (CSI) ta unguwa ko babban asibitin jihar Tahoua. In ya kai 140/90 a ranaku biyu daban-daban bayan an warke, sai a ga likita.