Yadda zuwan jirgin ƙasa Kano ya sauya sana'ar ƙira

Tun kafin a san shagon gyaran waya, maƙera ce wurin da ake kai duk abin da ya lalace. Manomin da fartanyarsa ta karye da mahayin da linzaminsa ya tsinke, duk can suke nufa.

Lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, sun tarar da sana'ar da tsarinta. Akwai maƙeran baƙi, masu ƙera garma da lauje da gatari da takobi. Akwai maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, irin su zobe da munduwa. Sarkin Maƙera ne ke jagorantarsu, ɗa kuma a gaban mahaifinsa yake koyo, yakan fara da zuga wuta da zugazugi kafin a ba shi masaba.

Babban aikin shi ne samun ƙarfen kansa. Sai an haƙo tama a daji, an ƙona itacen ƙirya ya zama gawayi, an gina murhun laka, sannan a daɗe ana ba shi wuta har ƙarfe ya rabu da dattinsa. Aikin kwanaki ne, abin da ake samu kuma kaɗan.

A 1911 layin dogo ya iso Kano. Daga nan ƙarfen Turai ya fara shigowa da araha, ga kuma tarkacen layin dogo, daga baya har da na motoci. A daidai lokacin noman gyaɗa ya bunƙasa, buƙatar kayan noma ta ƙaru. Maƙeran da suka koma sarrafa tarkace sun ci kasuwa. Masu narkar da tama kuwa, wa zai jira su? A hankali murahunsu suka mutu, ilimin ya bi tsofaffi kushewa. Ƙira ta rayu, amma ƙarfenta ya koma hannun wasu.

Wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano yau zai ga irin wannan hali. Matashi zai buɗe waya ya sauya sikirin ko batir cikin mintuna, amma akasarin kayan daga ƙasar Sin suke zuwa. Duk ranar da dala ta tashi, kuɗin gyara ma sai ya tashi, kuma mai waya ne ke biya.