Maigadin da Aka Yi Shekara Goma Ana Kira Ɓarawo

Mai karatu, da a ce duk gidan da aka fasa sai ka iske mutum guda tsaye a ƙofarsa, me za ka kira shi? Abin da masana suka kira wani furotin ke nan a 1979.

A shekarar ne David Lane a Landan da Arnold Levine a jami'ar Princeton ta Amurka, kowa da nasa ɗakin bincike, suka ci karo da shi manne da furotin wata ƙwayar cuta mai suna SV40. Aka raɗa masa suna p53. Ko'ina aka leƙa cikin ƙwayoyin ciwon daji, ga shi nan jibge. Hukunci bai yi wuya ba: shi ne mai haddasa sankara.

A 1984 ma har aka samu hujja. An sa ƙwayar gadonsa cikin lafiyayyun ƙwayoyin ɓera, sai suka fara rabuwa ba ƙaƙƙautawa. Amma samfurin da ke hannun Levine ya ƙi yin wannan ɓarna. Kai da me za ka yi? Naka ɗaya ya saɓa wa na kowa. Levine da abokan aikinsa ma sai suka ɗauka nasu ne ya lalace.

Ashe nasu ne mai lafiya! Sauran, waɗanda da yawansu daga ƙwayoyin daji aka ciro su, sun riga sun gurɓace. A 1989 ɗakin Levine ya nuna lafiyayyen p53 hana sankara yake yi, Bert Vogelstein kuma a Johns Hopkins ya tarar da shi a lalace cikin sankarar hanji. Ba ƙaramar jarumta ba ce mutum ya tsaya ya warware abin da ya yi shekaru yana faɗa.

Aikin p53 kuwa: idan kundin gadon ƙwaya ya samu rauni, sai ya tsayar da rabuwarta har a gyara. In abin ya fi ƙarfin gyara, ya sa ta kashe kanta. Kusan rabin cututtukan daji na ɗan Adam akwai p53 da ya lalace a cikinsu.

To me ke lalata shi? A 1991 an gano a China da kudancin Afirka cewa masu sankarar hanta da yawa a wuri ɗaya tak p53 ɗinsu ya samu tabo. Sanadin kuwa gubar aflatoksin ce, ta funfunar da ke kama gyaɗa da masara idan aka zuba su a rumbu da danshi. Mai karatu, yaushe rabonka da duba buhun gyaɗarka?