Koya wa Yaro Mai Galahanga Tsarki, Gaɓa-Gaɓa Kamar Karatun Allo

Ya 'yan'uwa malamai da 'yan kasuwa, wataƙila wani zai ce maganar makewayi ba ta dace da wannan shafi ba. To, ya tuna abin da Imamu Muslimu ya ruwaito, cewa an taɓa yi wa Salmanu Bafarishe gori wai Annabinsu ya koya musu kome har yadda za su zaga. Salmanu bai ji kunya ba, ya amsa cewa haka ne, ya shiga lissafa musu ladubban. Abin da sahabi ya faɗa a gaban masu izgili, mu ma ma iya faɗarsa a tsakaninmu.

A nan Tudun Wada, da Birni da Sabon Gari, akwai gidajen da ke da yaro ɗan shekara bakwai ko goma wanda har yanzu bai iya kai kansa makewayi ba. Jikinsa lafiya lau, amma a kira sunansa ba ya waigowa, ba ya son haɗa ido, maganarsa kaɗan ce ko babu, ya kan yini yana maimaita abu guda, in an sauya masa tsari kuwa ya fashe da kuka. In an kai shi makarantar allo ya ɓata tabarma sau biyu, sai a ce a mai da shi gida. Masallaci ma ba a zuwa da shi. Uwa ce ke wanke shi yana ƙarami, ita ce kuma za ta wanke shi ya fara gemu, ƙarfinta na raguwa nasa na ƙaruwa. Rashin iya tsarki shi ne ƙofar farko da ke rufe wa irin wannan yaro karatu da jam'i da shiga mutane.

Abin da likitoci suka sani

Mutane kan ce aljanu ne, ko sammu, ko sangarta. Likitoci na kiran wannan hali otizim, a Hausa kuwa an fi cewa galahanga, ko da ya ke sunan ya kan haɗa da waɗansu larurori dabam. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, shi ya siffanta shi a shekarar 1943 bayan ya lura da yara 11. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kimanin yaro ɗaya cikin 100 na da shi, kuma an fi ganinsa ga maza. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, ba laifin uwa a ciki, ba a kuma ɗaukarsa daga wani.

Dalilin wahalar makewayi gare su a fili ya ke. Waɗansu ba su jin matsuwa sai abu ya zo gab. Waɗansu na ji, amma ba bakin faɗa. Da yawa kuma abin da mu ba mu damu da shi ba, su yana razana su: duhun salga, da baƙin rami, da wari, da kyankyaso, da sanyin ruwan buta a lokacin hunturu. Ga kuma taurin bayan gida, wanda ya yawaita gare su sabo da tsananin zaɓen abinci. Yaron da ya sha zafi wajen tsuguno sai ya riƙe, in ya riƙe ya ƙara tauri, har mai ruwa-ruwa ya riƙa zubowa a wando ba da saninsa ba. Wanda ya ɗauki bulala a nan, mara lafiya ya doka.

Hukuncin shari'a

An ɗauke alƙalami daga yaro har ya balaga, haka wanda hankalinsa bai cika ba. Nauyin koyarwa kuwa yana wuyan waliyyinsa. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Ummu Ƙaisi, wadda ta kawo jaririnta ya yi fitsari a tufan Annabi, mai tsira da aminci, sai ya nemi ruwa ya yayyafa. Buhari da Muslimu kuma sun ruwaito labarin Balaraben ƙauye da ya yi fitsari a masallaci, sahabbai suka tasam masa, Annabi ya hana su, ya bari ya gama, ya sa aka kwarara guga guda na ruwa, sa'an nan aka fahimtar da shi. Najasa ruwa ke gusar da ita, koyo kuma sai da natsuwa.

Littafin Risala da mu ke karantarwa a zaure, Ibnu Abi Zaidin na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, domin koyar da yara ya wallafa shi. A cikinsa ya jera tsarki daki-daki, abin da a ke farawa da shi da abin da ke biye. Wannan jeri shi ne ainihin abin da yaro mai galahanga ke bukata, domin shi mai son tsarin da ba ya sauyawa ne. Masana biyu a Amurka, Azrin da Foxx, sun bayyana hanyarsu ta koyar da masu jinkirin fahimta a shekarar 1971, ginshiƙanta kuwa su ne lokaci tsayayye, da maimaitawa, da lada nan take. Malamin da ya san ba a shiga farfaru sai babbaƙu sun zauna, ya riga ya san rabin aikin.

Yadda za a bi

Na farko, a yi lissafi. Ɗan kasuwa ba ya sarin kaya sai ya duba littafinsa. A ɗauki mako guda ana rubuta lokutan da yaro ke fitsari da bayan gida. Galibi za a ga ciki na motsi jim kaɗan bayan cin abinci. Sai a tsai da waɗannan lokuta, da farkawa daga barci da kafin kwanciya, a riƙa kai shi ko bai nema ba. Ya zauna minti uku zuwa biyar, in bai yi ba a taso shi ba faɗa.

Na biyu, a gyara wurin. A sa haske, a share, a rage bakin rami da katako mai ƙarfi, a sirka masa ruwa in ana sanyi. In yana tsoron salga, a fara da fo a tsakar gida, a riƙa matsar da shi kusa da makewayi kaɗan-kaɗan. A ba shi wando mai roba maimakon mai tazuge, a kuma cire masa famfas da rana domin ya san bambancin jiƙa da bushewa.

Na uku, a ware masa buta tasa, mai launi guda. A ƙasar Hausa wanda ya ɗauki buta ya nufi bayan ɗaki ba ya bukatar bayani. Ga yaron da ba ya magana, butar nan ita ce bakinsa: kullum za a tafi a sa ya ɗauke ta da hannunsa, a faɗi kalma guda wadda kowa a gidan zai riƙa faɗa, kada uwa ta ce wannan kaka ta ce wancan. Ranar da ya ɗauko ta da kansa, ya yi magana ke nan.

Na huɗu, a yanka aikin gaɓa-gaɓa: ɗaukar buta, sa takalmi, shiga da ƙafar hagu, sauke wando, tsuguno, zuba ruwa da dama a wanke da hagu, mai da wando, fita da ƙafar dama, wanke hannu da sabulu. A zana masa buta da takalmi da ƙofa da sabulu a jere a jikin allo ko kwali, domin sun fi gane abin da ido ya gani bisa abin da kunne ya ji. A fara da ɗora hannu bisa hannunsa, daga baya a koma riƙe gwiwar hannu, sa'an nan nuni kawai. Kada a ƙara masa gaɓa sai ta baya ta zauna, kamar yadda ba a wanke allo sai an biya.

Na biyar, lada ya zo nan take, dabino guda ko ƙuli-ƙuli ko abin wasan da ya fi so, tare da sa albarka. In ya ɓata wando, a wanke a sauya ba tsawa ba gori. Fitsarin kwance shi ke zuwa ƙarshe, kada a haɗa shi da koyon rana. Aikin kan ɗauki watanni, wani ma fiye da shekara. Sannu ba ta hana zuwa.

In ana ganin tauri, a yawaita masa ruwa da miyar kuka da kuɓewa da gwanda. In ya ƙi sauƙi, ko aka ga jini, ko yana kuka wajen fitsari, a kai shi ga likitan yara. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, Kaduna. Addu'a da neman magani ba su karo da juna.

Kira ga malamai da iyaye maza

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uba ya karɓi na asuba da na dare kafin ya fita kasuwa da bayan ya dawo, balle in yaron namiji ne ya fara tasawa. A kuma kiyaye al'aurarsa: wanda ba ya iya ba da labari shi mugu ke nema, sabo da haka kada a damƙa tsarkinsa ga kowa sai amintattu biyu ko uku na cikin gida, mace ga mace, namiji ga namiji. Ku malamai, in an kawo muku irinsa, ku karɓe shi ko na sa'a guda, a zaunar da shi kusa da ƙofa, butarsa a gefensa, wani nasa na kusa, ku kuma hana almajirai yi masa dariya.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba iyayen waɗannan yara haƙuri da lada, ya sa mu cikin masu tsarkaka.