Hunturu a Ajin Ƙananan Yara: Yadda Jigo Ɗaya Yake Buɗe Ƙofofin Kimiyya

Gabatarwa

Duk wanda ya leƙa ajin renon yara da safiyar watan Janairu ya san yadda abin yake. Yara sun takure cikin rigunan sanyi, leɓɓansu sun bushe, wasu na tari, ƙura kuma ta lulluɓe tebura tun ba a fara darasi ba. Sau da yawa malama takan ɗauki wannan yanayi a matsayin cikas, ta rufe tagogi, ta buɗe littafin da aka wallafa a Turai, ta nuna wa yaran hoton dusar ƙanƙara wadda ba su taɓa gani ba. Alhali kuwa babban ɗakin gwaji yana nan a bakin ƙofarta. Wannan maƙala za ta duba yadda za a mai da hunturu jigon karatu na 'yan makonni ga yara 'yan shekara 3 zuwa 6, da kuma ilmin kimiyyar da ke ƙunshe cikin kowane aiki.

Mene ne koyarwa bisa jigo?

Koyarwa bisa jigo ita ce a ɗauki abu guda wanda yaro ya sani, a rataya masa lissafi da harshe da zane da kiwon lafiya, maimakon a yanyanka su darasi-darasi. Tun shekarar 1840 Bajamushen nan Friedrich Froebel ya raɗa wa makarantarsa sunan da ke nufin lambun yara, inda wasa ya zama hanyar koyo. Amma wanda ya fi fito da tsarin jigo fili shi ne Ovide Decroly, wani likita ɗan ƙasar Beljiyam, wanda ya buɗe makarantarsa a birnin Brasels a 1907. Ya gina karatu a kan buƙatun yaro na asali guda huɗu: abinci, kariya daga sanyi da sauran wahalhalun yanayi, tsira daga haɗari, da yin aiki tare da jama'a. Ya kuma tsara matakai uku: yaro ya lura da abu, ya danganta shi da abin da ya riga ya sani, sannan ya bayyana shi da baki ko zane ko aikin hannu.

Binciken Jean Piaget na ƙasar Suwizalan ya ƙarfafa wannan hanya, domin ya nuna cewa yaron da bai kai kimanin shekara 7 ba yana tunani ne ta hanyar abin da ya gani ya taɓa. Bahaushe ya riga ya taƙaita zancen da ya ce gani ya kori ji.

Abin da ya kamata malama ta sani

Kafin a koyar da jigo, wajibi ne mai koyarwa ta fahimce shi. Hunturu busasshiyar iska ce da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris. Kaso mai yawa na ƙurarta yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Dubban shekaru da suka wuce wurin ƙasan wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi, wadda akasarinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ba a ganinsu sai da madubin ƙara girma. Ita ce iska ke kwasowa ta zama hazo a Damagaram da Kano, wani ɓangarenta ma har ya ƙetare Tekun Atlantika.

Sanyin kuwa yana da dalilinsa. Tururin ruwa da gajimare su ne bargon da ke tare zafin da ƙasa ke saki da dare. A hunturu laimar iska takan yi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana a yawancin ƙasar Hausa, ga shi babu gajimare, don haka zafin yakan tsere sama, a wayi gari ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 15. Ba a son a zayyana wa yara wannan bayani duka, amma shi ne zai ba malama ikon amsa tambayoyinsu ba tare da kame-kame ba.

Makon farko: iska da hazo

A zaɓi wani abu mai nisa da ake hangowa daga ƙofar aji, kamar hasumiyar masallaci ko tankin ruwa. Kowace safiya yara su fita su duba: ana ganinsa sarai, ko dishi-dishi, ko ya ɓace? Yaro ɗaya ya manna alamar ranar a jikin kwali. Ranar Juma'a a ƙidaya ranakun hazo da na garau, a ga wanne ya fi yawa. A nan lissafi ya shigo, haka nan kuma an dasa ɗabi'ar ajiye bayanai, wadda ita ce ƙashin bayan kimiyya.

Don a kama ƙurar kanta, a shafa man shafawa a jikin farar takarda guda biyu, a ajiye ɗaya a kan taga, ɗaya a cikin rufaffen akwati. Bayan kwana biyu a gwama su. Takardar cikin akwati tana da muhimmanci, domin ita ce ma'aunin da ke tabbatar da cewa daga iska ƙurar ta zo.

Mako na biyu: ina ruwan ya tafi?

A jiƙa tsumma biyu masu girma ɗaya, a shanya ɗaya, a dunƙule ɗaya. A zuba ruwa daidai wa daida a faranti biyu, a rufe ɗaya. Kafin a duba sakamako, a tambayi yaran abin da suke tsammani, kuma kada a yi wa kowa dariya. Wani zai ce faranti ne ya shanye ruwan, wani ya ce kyanwa ce. Irin waɗannan amsoshi su ne ke nuna wa malama inda za ta fara.

Daga nan kowane yaro ya jiƙa hannu ɗaya, ya ɗaga hannayensa biyu cikin iska. Jiƙaƙƙen ya fi jin sanyi, saboda ruwa yana ɗibar zafi daga fata lokacin da yake zama tururi. Wannan shi ne sirrin randa, wadda ruwa ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, na ciki yana yin sanyi. A ƙarshe a mulmula yumɓu gida biyu, a shafe ɗaya da man kaɗanya. Wanda ba a shafa wa ba zai riga bushewa da tsagewa. Yaron da ya ga wannan ya gane dalilin faso da kaushi, ba zai ƙara gudun shafa mai ba.

Mako na uku: tufafi da ɗumi

Yara da yawa, har da wasu manya, suna zaton rigar sanyi ce ke samar da zafi. A cika kwalaben roba biyu da ruwa mai ɗumi, a naɗe ɗaya da bargo, bayan sa'a guda a taɓa su. Sannan a naɗe dutse mai sanyi da bargon, a ga ko zai yi ɗumi. Ba zai yi ba, domin bargo yana tsare zafin da ke akwai ne kawai, ta hanyar iskar da ke maƙale tsakanin zarensa. Jikin mutum ne murhun, abinci kuma shi ne makamashinsa.

A wannan mako ne kuma ya dace a goga matajin roba a jikin rigar ulu, a kusantar da shi ga ƙananan yagaggun takardu, yara su ga suna tsalle suna mannewa. Wannan lantarki ne da gogayya ke tarawa, kuma a damina gwajin ba ya cika yin kyau, saboda laima tana kwashe shi.

Mako na huɗu: itatuwa da lambu

A zagaya da yara harabar makaranta. Kuka ta kaɗe ganyenta don ta rage asarar ruwa, ga gawo kuwa ya yi shar, domin shi a damina yake zubar da nasa. Yara su tsinto busassun ganyaye, su ware su bisa girma da siffa, su ƙidaya, su manna. A kawo tumatir da albasa da karas da alkama, a yi hira a kan noman rani, a kuma tambaye su ina shamuwa ta tafi. Tatsuniya da waƙar da malama ta ƙirƙira tare da yaran, cikin harshen da suke ji, su ne za su ɗaure waɗannan abubuwa wuri guda.

Lafiya da tsaro

Jigon hunturu yana iya ceton rai. Lokaci ne na gobara, kuma yara ƙanana ne suka fi ƙonewa a wajen jin ɗumi. A koya musu nisantar kasko da murhu, a kuma aika wa iyaye saƙo cewa gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ko wari. Haka nan busasshiyar iska da ƙura suna tsananta asma, kuma a wannan yanayi ne sanƙarau ke fara yaɗuwa, kamar yadda aka gani a babbar annobar 1996. Ranar da hazo ya yi kauri a taƙaita wasan waje, a yayyafa ruwa kafin shara, a kuma tunatar da iyaye batun allurar rigakafi.

Kammalawa

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da ke buƙatar kayan da za a yi odarsu daga waje. Tsumma ne da faranti da yumɓu, sai haƙurin sauraren yaro. Ɗaliban sakandare ma suna da rawar takawa, domin kowannensu yana iya gwada waɗannan abubuwa da ƙannensa a tsakar gida, kuma wanda ya iya fahimtar da ɗan shekara 5 dalilin sanyin ruwan randa, to shi ma ya fahimci darasinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba tambayar inda ruwan faranti ya tafi, ba zai ji kimiyya baƙuwa ce a gare shi ba ranar da ya shiga ɗakin gwaje-gwaje.