Kujerun Highbury da Ciyawarsa: Darasin Kimiyya Daga Tsohon Filin Ƙwallo

Ranar Lahadi, 7 ga watan Mayu na shekarar 2006, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Arsenal ta buga wasanta na ƙarshe a filin Highbury da ke arewacin birnin Landan, inda ta ci ƙungiyar Wigan Athletic 4 da 2. Thierry Henry ne ya jefa uku daga cikin ƙwallayen, kuma da ya jefa ta ukun sai ya durƙusa ya sumbaci ciyawar filin a gaban dubban jama'a. Tun shekarar 1913 ƙungiyar take wasa a wannan wuri, watau shekara 93 ke nan. Da yawa daga cikin malamanmu na sakandare sun san filin ta akwatin talabijin, musamman tsakanin 1999 da 2004, lokacin da Nwankwo Kanu yake taka leda a can.

Dalilin ƙaura kuwa shi ne ƙarancin wuri. A shekarar 1935 mutum 73,295 suka taɓa cika filin, galibinsu a tsaye. Amma bayan bala'in turmutsitsin Hillsborough na 1989, sai aka wajabta wa manyan ƙungiyoyin Ingila su samar wa kowane ɗan kallo kujera, abin da ya rage adadin 'yan kallon Highbury zuwa kimanin 38,000. Sabon filin Emirates kuwa yana ɗaukar kimanin 60,000. Daga baya aka mayar da Highbury gidajen zama, aka bar fuskar ginin gabas na 1936 a matsayin kayan tarihi, filin wasan kansa ya koma lambu.

Kafin magina su shiga, sai da aka yi gwanjon kayan filin a watan Yuli na 2006. Magoya baya suka yi rububin sayen tutocin kusurwa, da turakun raga, da alluna, da yankakkun ciyawar filin. Abu ɗaya ne ya gagari masu saye, kuma shi ne wanda suka fi so: kujerun da suka shekara suna zama a kai. A cikin wannan maƙala za mu duba abin da ilmin halittu zai koya mana game da waɗannan kaya, da kuma irin nasu da ke ajiye a ɗakunanmu.

Kujerar da aka hana sayarwa

Da farko ƙungiyar ta shirya sayar wa magoya baya kujerun a kan kusan fam 20 kowace ɗaya. Ana cikin haka sai gwaji ya nuna akwai ɓurɓushin sinadarin kadmiyam a jikinsu, saboda haka aka janye cinikin. Bayanin da ƙungiyar ta bayar shi ne kujerun ba su da haɗari a sararin filin wasa, amma idan aka kai su cikin gida ana amfani da su shekara da shekaru, to akwai yiwuwar ɗan abin da ke jikinsu ya riƙa fita.

Mene ne kadmiyam? Wani ƙarfe ne mai laushi, fari kamar azurfa, wanda wani masani Bajamushe mai suna Friedrich Stromeyer ya gano a 1817. Shi ne na 48 a jadawalin sinadarai, kuma yana rukuni ɗaya da tutiya. An daɗe ana amfani da shi wajen yin batura da shafe ƙarafa don hana tsatsa. Har ila yau ana samun launin rawaya da ja daga gare shi, irin launin da ba ya saurin koɗewa a rana, don haka masu yin kayan roba suka ƙaunace shi na tsawon lokaci.

Jikin ɗan Adam ba ya bukatar kadmiyam ko kaɗan, amma saboda kamarsa da ma'adinan da jiki yake bukata, irin su tutiya da kalsiyam, sai ya bi ta hanyoyin da aka tanadar musu ya shige. Idan ya shiga jini, hanta takan ɗaure shi da wani furotin, daga nan ya taru a ƙoda. Babbar matsalar ita ce ba ya fita da wuri: yakan ɗauki shekara 10 zuwa 30 kafin jiki ya fitar da rabin abin da ya shiga. Ke nan abin da ya shiga yau zai tarar da na bara yana nan. Da kaɗan-kaɗan matankaɗi kan cika, in ji Hausawa. Idan ya yi yawa sai ya lalata ƙananan bututun ƙoda da ke tace jini, kalsiyam ya riƙa zubewa cikin fitsari, ƙasusuwa su yi rauni.

Wannan ya taɓa faruwa a lardin Toyama na ƙasar Japan. Dagwalon wata mahaƙar ma'adinai ya riƙa kwarara cikin kogin Jinzu, manoma suna ban ruwan shinkafa da shi, jama'a suna ci. Mutane, galibi mata masu shekaru, suka kamu da ciwon ƙashi mai tsanani har aka sa wa cutar suna itai-itai, kamar dai a ce wayyo-wayyo. A 1968 gwamnatin Japan ta tabbatar cewa kadmiyam ne sanadi. Mu ma a nan gida mun ga aikin wani ɗan'uwansa, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan masu haƙar zinariya na Jihar Zamfara a 2010. Abin da ke jikin kujerun Highbury bai kai ko kusa da wannan ba, amma ƙa'idar ɗaya ce: illar guba tana rataye ne a kan yawanta, da tsawon lokacin da aka yi tare da ita, da hanyar da ta bi ta shiga jiki. Zaman awa biyu a sarari sau ɗaya a mako biyu daban yake da ajiye kujera a ɗakin da jariri yake rarrafe yana kai komai baki.

Ciyawa a cikin kwali

Wanda ya sayi yankin ciyawa kuwa, abu mai rai ya kai gida, kuma mai rai yana da bukatunsa. Galibin filayen ƙwallon Ingila ana shuka su ne da wata ciyawar ƙasashen sanyi da masana ke kira Lolium perenne. Kamar sauran tsirrai, ganyenta yana haɗa sukari daga ruwa da iskar kabon ta hanyar amfani da hasken rana. Idan aka rufe ta a kwali, haɗa abinci ya tsaya, amma numfashi bai tsaya ba, saboda haka sai ta cinye ɗan sukarin da ta tara. Cikin 'yan kwanaki koren sinadarin ganyen ya ruguje, ta yi rawaya, funfuna ta ƙarasa sauran.

Wanda ya dasa ta a lambunsa ya fi dacewa. Ita ciyawa daga gindi take girma, ba daga kan ganye ba, shi ya sa yanka da kiwo ba sa kashe ta. Daga gindin nan ne take fitar da 'ya'ya, kamar yadda gero yake yi a gona. Kowane ganye makonni kaɗan yake yi ya bushe, wani ya maye gurbinsa. Ashe ke nan bayan shekara guda babu ko ganye ɗaya da takalmin Henry ya taka, amma kuma tsiron shi ne dai, domin 'ya'yan da suka fito daga gindi suna ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya da na uwarsu. Ga tambayar da malami zai iya jefa wa ajinsa: shin wannan ciyawar Highbury ce har yanzu?

Da a ce an kawo ta Kano ko Zinder, da ba ta ga damina ba. Ta fi jin daɗin yanayin da ke wajen digiri 20, kuma takan galabaita idan zafi ya wuce 30, alhali mu a bazara yakan kai 40. Ciyawarmu ta kiri-kiri tana da wata dabarar kama iskar kabon wadda take rage asarar ruwa, irin ta dawa da masara da rake, shi ya sa danginta ake shukawa a filayen wasa na ƙasashe masu zafi.

Me ya sa muke son irin waɗannan kaya?

Kujerar roba kujerar roba ce, to me zai sa mutum ya yi baƙin cikin rasa wata guda ɗaya? Masana halayyar ɗan Adam, musamman Paul Rozin da abokan aikinsa, sun nuna cewa mutane kan ji kamar wani abu na mutum yana maƙalewa a jikin kayan da ya taɓa. A wani bincike da George Newman da Gil Diesendruck da Paul Bloom suka wallafa a 2011, an ga sha'awar mutane ta sayen rigar wani shahararre da suke ƙauna tana raguwa idan aka ce musu an tsabtace ta sarai. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin mun san yadda ake adana allon kaka ko rawanin mahaifi.

Ƙwaƙwalwa ma tana da hannu. Tunawa ba ta zuwa haka nan, sai an sami abin da ya tayar da ita, kamar gani ko taɓawa ko ƙamshi. Saƙon ƙamshi musamman yana da gajeriyar hanya zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tunawa da motsin rai, shi ya sa warin tsohuwar ƙwallon fata kan mayar da dattijo filin makarantarsu nan take.

Maƙiyan kayan tarihi

Rigar ulu da ƙwallon fata da tikitin takarda duk daga abu mai rai aka samo su, don haka abinci ne ga wasu halittu. Tsutsar asu tana cin ulu da gashi, kuma tana fi son rigar da gumi ya taɓa. Gara tana cin takarda da katako da taimakon ƙananan halittun da ke cikin hanjinta. Kyankyaso yana bin gam da sitaci. Funfuna tana tsirowa idan laimar iska ta wuce kimanin kashi 65 cikin 100, kamar yadda take yi a watan Agusta. Hunturu kuma yakan busar da fata har ta tsattsage. Hasken rana yana koɗar da launi da sa hannun da aka yi da biro, takardar jarida kuma takan yi ja ta yi rauni saboda tsamin da ke fitowa daga jikinta.

Saboda haka mai son adana riga ko hoto ko kofin da makarantarsu ta ci, sai ya nemi wuri mai inuwa, busasshe, nesa da ƙasa da bango. Kada ya ɗaure kaya cikin leda alhali da danshi a jikinsu, kada ya manna hoto da salatif, kuma ya riƙa dubawa a farkon damina da ƙarshenta. Tsofaffin kayan roba masu launi da batura da suka mutu kuwa, a nisanta su daga bakin yara, kada kuma a ƙona su, domin hayaƙi hanya ce mai sauƙi da kadmiyam yake bi ya shiga huhu.

Gwaji don aji

Malamin kimiyya zai iya gwada wannan ba tare da kashe kuɗi ba. A yanko kiri-kiri da ƙasarta gida uku daidai wa daida. A rufe na farko cikin kwali, a ajiye na biyu a rana ba ruwa, a riƙa shayar da na uku a rana. Ɗalibai su riƙa rubuta launi da tsawon ganye kullum har kwana 14. Haka kuma a sa guntun fata biyu a kwalabe biyu masu murfi, ɗaya da jiƙaƙƙiyar auduga, ɗaya ba komai, a ga wadda funfuna za ta fara kamawa. Kada a buɗe kwalbar da ta yi funfuna a cikin aji. Bayan mako biyu sai kowane ɗalibi ya rubuta shawarar da zai ba wanda ya dawo daga gwanjon Highbury da ciyawa a hannunsa.