Keken tsakuwa a bakin kogin Isar

A kudancin Jamus, a gindin tsaunukan Alps, akwai hanyar keke da ke bin kogin Isar daga birnin Munich zuwa garin Bad Tölz, tafiyar fiye da kilomita 50, wasu sassanta tsakuwa ne.

Kekunan da suka dace da ita tayarsu kan kai faɗin milimita 40, don ta riƙe ƙasa kada ta zame. Kwarin kogin a hankali yake hawa, sai 'yan tudu nan da can, shi ya sa hanyar ke da daɗi ƙwarai. Wanda ya wuce Bad Tölz da garin Lenggries zuwa madatsar ruwa ta Sylvenstein, wadda aka kammala a 1959, zai fara jin gajiya a cinyoyinsa. Idan an sha ruwan sama mai yawa, kogin kan malale wasu sassan hanyar.